Idan Gwamna Ya Yaba wa Majalisar Dokoki, Me Ya Auna?

Shin yabon da gwamna ya yi wa majalisar dokokin jiharsa shaida ce ta cewa majalisar ta yi aikinta, ko kuwa shaida ce ta cewa ta ƙyale shi ya yi abin da yake so? Wannan tambaya tana tasowa kusan kowace shekara, musamman a watan Yuni da yawancin majalisun jihohi ke cika shekara da rantsarwa, da kuma ƙarshen shekara idan gwamnoni suka je gabatar da kasafin kuɗi. A irin waɗannan ranaku gwamna yakan tsaya a zauren majalisa, ko ya aiko da saƙo ta bakin mai magana da yawunsa, ya lissafa dokokin da aka zartar, ya gode wa shugaban majalisa bisa haɗin kai da fahimtar juna, idan kuma yana da ƙorafi sai ya lulluɓe shi da lafazi mai laushi. Washegari gidajen rediyo su ɗauka, magoya baya su ce majalisa ta ciri tuta, 'yan adawa su ce ai dama 'yan amshin shata ne. Ɓangarorin biyu duka da maganar gwamna suke yanke hukunci, alhali kuwa gwamna shi ne na farko a cikin waɗanda aka kafa majalisar domin ta sa musu ido.

Abin da doka ta ɗora wa majalisar jiha

Kafin a ce majalisa ta yi ƙoƙari ko ta gaza, sai an san aikin da aka ba ta. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi majalisa guda ɗaya ga kowace jiha, mambobinta kuma ba za su gaza 24 ba, ba za su wuce 40 ba. Kano da Legas ne ke da 40, Kaduna da Katsina suna da 34 kowacce, Jigawa da Sakkwato 30, Zamfara da Kebbi da Yobe da Gombe kuwa 24. Sashe na 104 ya wajabta wa majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara.

Aikin da kowa ya fi sani shi ne yin doka. Idan majalisa ta zartar da ƙudiri, sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana cewa ya ƙi, idan kuma ya ƙi, kashi biyu bisa uku na mambobi za su iya sake zartar da shi ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. Amma aikin da ya fi nauyi yana wajen kuɗi. Sashe na 120 ya hana a fitar da ko sisi daga asusun jiha sai da izinin doka, sashe na 121 kuma ya tilasta wa gwamna ya kawo kasafinsa gaban majalisa. Bayan an kashe kuɗin, babban mai binciken kuɗi na jiha majalisa yake kai wa rahotonsa, kwamitin majalisa mai kula da asusun gwamnati kuma shi ke da alhakin bin diddigin rahoton, kamar yadda sashe na 125 ya tsara. Sassa na 128 da 129 sun ba majalisa ikon gudanar da bincike domin tono almundahana da sakaci da almubazzaranci, har da ikon kiran mutum ya zo ya ba da bahasi. Sai tantance waɗanda gwamna ya zaɓa: kwamishinoni, da babban jojin jiha, da alƙalin alƙalai a jihohin da ke da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci, da mambobin hukumar zaɓe ta jiha, da shi kansa mai binciken kuɗin. A can ƙarshe akwai sashe na 188, wanda ya shimfiɗa matakan tsige gwamna ko mataimakinsa.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa mafi yawansa taka wa gwamna burki ne. Shi kuwa gwamna, kundin ya ba shi damar zuwa majalisa ya yi jawabi a kan al'amuran jiha a ƙarƙashin sashe na 108, amma babu inda ya naɗa shi alƙalin aikin majalisa. Saboda haka idan ya yi mata sakamako, tamkar mai zana jarrabawa ne ya ba mai tsaron jarrabawar maki: yana iya faɗin gaskiya, sai dai yana da buƙata a ciki.

Ma'aunan da gwamnoni suka fi so

Jawaban gwamnoni a kan majalisunsu kusan duka a kan abubuwa uku suke kewayawa, wato yawan dokokin da aka zartar, da saurin amincewa da buƙatun gwamnati, da zaman lafiya tsakanin ɓangaren zartarwa da majalisa.

Yawan dokoki shi ne ma'aunin da ya fi saurin ruɗar mutane, domin adadi yana da daɗin faɗa a rediyo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne asalin dokokin. A yawancin jihohi galibin ƙudirorin da ke zama doka daga fadar gwamnati suke fitowa, ma'aikatar shari'a ce ta rubuta su, majalisa kuma ta karanta ta amince. A cikin adadin akwai kasafin kuɗi da ƙwarya-ƙwaryar kasafi, waɗanda dole ne a yi su ko majalisa ta so ko ba ta so, akwai gyaran sashe ɗaya ko biyu na tsohuwar doka, akwai sauya sunan makaranta, akwai kuma dokokin kafa sababbin hukumomi. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin kowace sabuwar hukuma tana zuwa da shugaba da mambobin gudanarwa da motoci da ofis, kuma duk daga asusun da ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan lafiya za a ɗebi kuɗinsu. Majalisar da ta kafa hukumomi goma tana iya zama ta ƙara wa jiha nauyi, yayin da wadda ta tsaya a kan doka ɗaya ta tsarin bayar da kwangila ko ta haraji, ta saurari 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago kafin ta zartar, ta fi amfanar jama'a, ko da yake a lissafin gwamna ita ce za ta zo baya.

Akwai kuma dokar da aka zartar aka ajiye. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, amma jihohin Arewa da dama sai bayan 2020 suka yi nasu, Kano ma sai a watan Mayu na 2023. Zartar da ita nasara ce da ta cancanci ambato, to amma abin da zai nuna ƙoƙarin majalisa shi ne ko ta sa kuɗin aiwatar da ita a kasafin da ya biyo baya, ko kuma ta kira kwamishinan da abin ya shafa ta tambaye shi inda aka kwana. Jawabin gwamna a ranar sa hannu yake tsayawa.

Darasin masarautun Kano

Babu misalin da ya fi fito da matsalar auna majalisa da sauri kamar abin da ya faru da dokar masarautu a Kano. A watan Mayu na 2019 majalisar jihar ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki kaɗan, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje kuma ya sa hannu a ranar 8 ga watan. A watan Nuwamba na wannan shekara babbar kotun jihar ta rushe dokar bisa dalilin cewa ba a bi ƙa'ida wajen yin ta ba, sai majalisa ta sake zartar da wata a watan Disamba. A ranar 9 ga Maris na 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu. Da mulki ya koma hannun jam'iyyar NNPP, majalisar jihar ta soke dokar a ranar 23 ga Mayu na 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka mayar da Sanusi, sannan a watan Yuli aka sake yin wata dokar da ta dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu.

Ba a nan za a warware wane gwamna ne ke da gaskiya a kan masarautu ba, kuma mutanen Kano sun rabu a kai har yanzu. Abin lura shi ne majalisa ɗaya, a zaure ɗaya, ta gina abu ta rushe shi cikin shekara biyar, kowane karo da gaggawa, kuma kowane karo abin da ta yi ya dace da ra'ayin wanda ke fadar gwamnati. Idan sauri da haɗin kai ne ma'auni, to majalisar 2019 da ta 2024 duka sun ci jarrabawa, ko da yake ɗaya ta warware aikin ɗaya. Wanda ya biya kuɗin wannan sauri shi ne jama'ar jihar, da aka bar su da shari'o'i a kotuna daban-daban da masu iƙirarin sarauta biyu a birni guda, da hakimai da dagatai da ba su san inda za su kai gaisuwa ba. Da a ce an ɗauki watanni ana jin ra'ayin jama'a a 2019, ko a 2024, da wataƙila gwamnan lokacin ya yi ƙorafin jan ƙafa, amma da dokar ta fi samun gindin zama.

Me ya sa majalisun jihohi ke rusuna wa gwamna?

Dalili na farko kuɗi ne. Shekara da shekaru majalisun jihohi sai sun rubuta takarda zuwa fadar gwamnati kafin su samu kuɗin gudanar da harkokinsu, daga man janareta har zuwa kuɗin fita duba ayyuka. Wani abin mamaki ma shi ne a gyaran kundin tsarin mulki na 2010 an kawo wa majalisun jihohi tayin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, amma aka kasa samun amincewar majalisun jihohi 24 da ake buƙata kafin gyaran ya tabbata, wato su da kansu suka ƙi. Sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba su wannan 'yanci. Da gwamnoni suka ƙi aiwatarwa, ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a watan Mayu na 2020, gwamnoni suka garzaya kotu, Kotun Ƙoli kuma ta soke umarnin a watan Fabrairu na 2022 bisa cewa shugaban ƙasa ya wuce huruminsa. Ma'aikatan majalisu sun yi yajin aiki a kan batun a 2021, sannan a watan Maris na 2023 aka sake wani gyara da ya fayyace yadda za a riƙa sakin kuɗin. A takarda dai an gama magana. A aikace kuwa, akanta janar na jiha ma'aikacin gwamna ne, kuma motocin da ake raba wa mambobi a farkon zango da kuɗin ayyukan mazaɓu har yanzu ana gabatar da su ne kamar kyauta daga mai girma gwamna.

Dalili na biyu takara ce. A siyasar jihohi gwamna ne jagoran jam'iyya, kuma shi ke da babbar murya a zaɓen fid da gwani. Ɗan majalisar da ya matsa wa kwamishina da tambaya ya san cewa bayan shekara huɗu a gaban wannan gwamnan zai nemi tikiti. Wannan ne ma ya sa sababbin fuskoki suke yawa a kowane zango, kuma kafin sabon ɗan majalisa ya koyi karanta kundin kasafi mai ɗaruruwan shafuka, wa'adinsa ya yi nisa. Su kuma ma'aikatun gwamnati suna da manyan sakatarori da daraktocin da suka shekara ashirin suna wannan aiki.

Na uku shi ne shugabancin majalisar. Doka ta ce mambobi ne ke zaɓen shugabansu, amma sashe na 105 ya ba gwamna ikon fitar da sanarwar zaman farko, kuma an ga yadda aka yi amfani da wannan dama a 2019. A Edo, zamanin Gwamna Godwin Obaseki, mutum tara daga cikin 24 aka rantsar da daddare, wasu 14 kuma har zangon ya ƙare ba su zauna a kujerunsu ba. A Bauchi, a farkon mulkin Gwamna Bala Mohammed, mambobi 11 daga cikin 31 ne suka zaɓi shugaban majalisa, sauran suka zaɓi nasu, sai daga baya aka sasanta. Shi kuwa ɗan majalisar da ya fita daga layi, hukuncin da aka saba yi masa shi ne dakatarwa. A 2012 majalisar Bauchi ta dakatar da Rifkatu Danna mai wakiltar Bogoro bayan ta yi adawa da ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa, kuma ko da yake kotuna sun ce dakatarwar ba ta halatta ba, mazaɓarta ta daɗe ba ta da wakili a zaure.

Idan gwamna ya soki majalisa fa?

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa duk majalisar da gwamna ya yi kuka da ita jaruma ce. Tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau, ita ce misali na farko a tarihin tsarin shugaban ƙasa a Najeriya. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci zaɓen gwamna a 1979 a jam'iyyar PRP, amma NPN ce ke da gagarumin rinjaye a majalisa. Majalisar ta yi ta watsi da sunayen kwamishinoninsa, har ya yi mulkinsa gaba ɗaya ba tare da majalisar zartarwa ba, kafin a tsige shi a watan Yuni na 1981. Da za a tambayi Balarabe Musa a lokacin, zai ce majalisa ta hana aiki, kuma da wuya a ce bai faɗi gaskiya ba, domin abin da ya gudana ya fi kama da gabar jam'iyya fiye da sa ido.

Tsige-tsigen da aka yi a zango na biyu na Shugaba Olusegun Obasanjo su ma ba su nuna ƙarfin majalisun jihohi ba. A Oyo mambobi 18 daga cikin 32 ne suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja a watan Janairu na 2006 bayan sun yi zama a otal, a Filato kuwa mutum shida ne suka tsige Gwamna Joshua Dariye a watan Nuwamba na wannan shekara, kuma duka biyun kotu ta mayar da su. Masu sharhi da dama sun ga hannun Abuja da na iyayen gidan siyasa a ciki. Tun daga nan wuƙar tsigewa ta fi sauka a wuyan mataimakan gwamnoni da suka ɓata da masu gidansu, irin su Simon Achuba a Kogi a 2019, da Mahdi Aliyu Gusau a Zamfara a 2022, da Philip Shaibu a Edo a 2024.

Ribas ce ta nuna iyakar inda rikicin zai iya kaiwa. A watan Disamba na 2023 Gwamna Siminalayi Fubara ya gabatar da kasafin naira biliyan 800 ga mambobi huɗu daga cikin 32, a ranar da aka rushe ginin majalisar, yayin da 27 ke tare da tsohon gwamna Nyesom Wike. A ranar 28 ga Fabrairu na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɓangaren 27, ta kuma ba da umarnin dakatar da sakin kuɗin jihar har sai an yi kasafi bisa ƙa'ida, sannan a ranar 18 ga Maris Shugaba Bola Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da gwamna da majalisa duka na wata shida. A nan gwamna ya taka doka, amma su ma mambobin da suka tsaya masa ba don bin bahasin kuɗin talakawa suka tsaya ba, wani uban gidan suke bi.

Ko a Amurka, inda Najeriya ta kwaikwayo wannan tsari a 1979, gazawar majalisa a bakin gwamna takan zama jerin abubuwan da ya nema bai samu ba. A Texas majalisa tana zaman kwana 140 ne sau ɗaya a shekara biyu, kuma a 2023 Gwamna Greg Abbott ya yi ta kiran zama na musamman domin ta amince da shirinsa na ba iyaye kuɗin gwamnati su kai 'ya'yansu makarantu masu zaman kansu. Wasu 'yan jam'iyyarsa masu wakiltar karkara suka ƙi, shi kuma ya mara wa abokan hamayyarsu baya a zaɓen fid da gwani na 2024, shirin ya wuce a 2025. Bambancin shi ne a can an yi jayayyar a fili, an ƙirga ƙuri'ar kowa da sunansa.

Binciken da ke jiran gwamna ya sauka

Wani abu da ke tona asirin majalisun jihohi shi ne lokacin da suke samun ƙarfin hali. A Zamfara akwai dokar fanshon tsofaffin gwamnoni, wadda aka yi wa gyara a watannin ƙarshe na mulkin Abdul'aziz Yari. Da wasiƙarsa ta neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata ta fito fili a 2019, majalisa ta soke dokar a watan Nuwamba, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu nan take. Jama'a sun yaba, kuma sokewar ta dace, sai dai majalisar jihar ce ta yi wa dokar wannan gyara tun farko lokacin da mai cin gajiyarta yake kan kujera.

A Kaduna, bayan Gwamna Uba Sani ya bayyana a 2024 cewa ya gaji bashi mai nauyi, majalisa ta kafa kwamiti, wanda a watan Yuni ya zargi gwamnatin Nasir El-Rufai da karkatar da naira biliyan 423. El-Rufai ya musanta, ya kuma kai ƙara kotu. Ko wane ne ke da gaskiya, tambayar da ta rage a kan majalisar ita ce ina take a shekara takwas da aka yi ana ciwo bashin ana kashewa, tunda kowane kasafi ta gabanta ya bi. Majalisar Kano ta gwada binciken gwamna mai ci a 2018, bayan fitar hotunan bidiyon da aka zargi Ganduje da karɓar daloli, zargin da ya musanta, amma babbar kotun jihar ta dakatar da binciken bisa cewa binciken laifi aikin hukumomin tsaro da na yaƙi da rashawa ne. Wannan hukunci ya nuna cewa ko majalisa ta yunƙura, akwai iyakar da doka ta yi mata, kuma hanyar da ta fi buɗe mata ita ce ta asusun gwamnati da rahoton mai binciken kuɗi, wadda ita ce kuma aka fi yin sakaci da ita.

Hujjar masu kare haɗin kai

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. 'Yan majalisa da dama sukan ce jama'a ba sa ganin inda ake yin ainihin jayayya, domin a ganawar sirri da gwamna ko a taron 'yan jam'iyya ake cire wani abu daga kasafi a saka wani, kafin a fito zaure an riga an daidaita. Sukan ƙara da cewa wanda ya zaɓe su rijiyar burtsatse da gyaran asibiti da aikin yi ga ɗansa yake tambaya, kuma ɗan majalisar da ya yi faɗa da gwamna mazaɓarsa ce za ta kwana da ƙishirwa. Akwai gaskiya a nan, kuma jihar da ke fama da 'yan bindiga ba ta da lokacin da za ta ɓata a rikici irin na Ribas. Amincewa da kasafi kafin watan Janairu ma abu ne mai amfani, tunda yana ba 'yan kwangila damar fara aiki kafin damina.

Raunin wannan hujja shi ne ba ta da shaida. Abin da aka yi a ɗaki babu wanda zai iya tabbatar da shi, kuma majalisun jihohi da dama ba sa wallafa bayanan zamansu yadda kowa zai gani, ƙuri'a kuma da murya ake yi, ba a san wanda ya ce e da wanda ya ce a'a ba. Majalisa kuma tana iya ƙin wani abu ba tare da jiha ta kama da wuta ba. A watan Agusta na 2023 majalisar Legas ta ƙi tabbatar da mutum 17 daga cikin 39 da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya aika mata, duk da cewa jam'iyyarsu ɗaya, aka koma aka sasanta, gwamnati ta ci gaba da aikinta.

Inda abin ya taɓa talaka

Duk bashin da majalisa ta amince da shi ta hanyar karanta wasiƙar gwamna da safe a zartar kafin azahar, ana cire shi ne daga kason jiha na wata-wata tun daga Abuja, wani lokaci har bayan gwamnan ya bar mulki da shekaru, kuma abin da aka cire shi ne ake rasawa wajen biyan giratuti da sayen magani da taki. Haka batun ƙananan hukumomi. Sashe na 7 ya sa tsarinsu a ƙarƙashin dokar da majalisar jiha za ta yi, kuma majalisu ne suka riƙa ba gwamnoni damar naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni. A gyaran kundi na 2023 ƙudirin ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu ya mutu ne a hannun majalisun jihohi, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli na 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa kundi. Babu gwamnan da zai ambaci wannan a cikin gazawar majalisarsa, domin shi ya amfana.

Wanda yake son ya auna majalisar jiharsa da kansa yana da kayan aiki fiye da da. Tun daga 2018, wani shirin Bankin Duniya da ya riƙa ba jihohi tukuicin kuɗi idan sun bayyana asusunsu ya sa yawancinsu suna wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku da rahoton mai binciken kuɗi a intanet. Daga nan ana iya ganin ko adadin da majalisa ta zartar ya bambanta da wanda gwamna ya kawo, da ɓangaren da aka ƙara wa da wanda aka rage wa, da ko abin da aka ware wa lafiya da ilimi an sake shi ko a takarda ya tsaya. Ana iya tambayar ɗan majalisa yaushe kwamitin asusun gwamnati ya yi zaman ƙarshe a kan rahoton mai bincike, na wace shekara ne rahoton, kuma wane jami'i aka sa ya dawo da kuɗi. Ana iya tambaya ko an cika kwana 181 ɗin nan.

Buƙatar yin waɗannan tambayoyi tana ƙaruwa ne saboda abin da ke tafe. Jihohi sun riga sun fara kafa rundunonin tsaro nasu da dokokin majalisunsu, kamar Amotekun a Kudu maso Yamma a 2020, da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a watan Oktoba na 2023, da Askarawan Zamfara a watan Janairu na 2024. Maganar 'yan sandan jihohi kuma ba za ta tabbata ba sai an gyara kundin tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun amince da shi bisa tanadin sashe na 9. Idan aka kai ga hakan, waɗannan majalisu ne za su amince da kasafin rundunar da ke ɗauke da bindiga a ƙarƙashin gwamna, su ne kuma za a kai wa kuka idan aka yi amfani da ita a kan ɗan adawa ranar zaɓe.